Shekaru, Suna Da Harshe: Yadda Ake Yanke Farashin Giyar Inabi A Kasuwar Duniya

A watan Oktoba na shekarar 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya gudanar a birnin New York, an sayar da kwalba ɗaya ta giyar inabi ta gonar Romanée-Conti, wadda aka yi a 1945, a kan dalar Amurka 558,000. Shekaru biyar bayan haka, wato a 2023, gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 domin a janye rarar giyar da ta rasa masu saye daga kasuwa, a mayar da ita barasar da masana'antu ke amfani da ita. Haja iri ɗaya ce, daga ƙasa ɗaya, amma wata ta fi gida tsada, wata kuma sai da aka biya kuɗi kafin a rabu da ita.

Musulunci ya haramta shan giya da cinikinta, saboda haka mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su da wata hulɗa da wannan haja. Duk da haka masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin kasuwarta, domin a cikinta ne ake ganin ƙarara yadda lokaci da sunan wuri da ra'ayin ƙwararru ke haɗuwa su yanke wa kaya farashi. Abin da aka koya a can yana da amfani ga duk wanda ke fitar da amfanin gona zuwa ƙasashen waje.

Matsalar Mai Saye

Wanda ya je sayen hatsi yakan ɗebi kaɗan a hannu ya duba, har ya tauna. Mai sayen yadi yakan taɓa ya ji kaurinsa. Amma mai sayen kwalbar da aka toshe bakinta ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki sai ya buɗe, idan kuwa ya buɗe ciniki ya riga ya faɗa. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Phillip Nelson, ya bambanta tsakanin kayan da ake iya gane ingancinsu kafin a biya, da waɗanda ba a ganewa sai an yi amfani da su. Giyar inabi tana cikin rukuni na biyu, kuma tata matsalar ta fi tsanani, domin ingancin nata yana canzawa tana cikin kwalba. Abin da aka ɗanɗana bana ba shi za a ji ba bayan shekaru goma.

Wannan ne ya haifar da sana'ar ɗanɗano. Ƙwararren mai ɗanɗano yakan fara da duba launi, sa'an nan ya shinshina, ya kurɓa ya juya a baki, ya tofar, ya rubuta maki. Akwai hanyoyi biyu na kwatantawa. Ta farko ita ce a jera giyar gona ɗaya ta shekaru daban-daban, domin a ga abin da tsufa da yanayin kowace shekara suka yi. 'Yan kasuwa suna kiran wannan ɗanɗanon tsaye. Ta biyu ita ce a jera giyar shekara ɗaya daga gonaki ko yankuna daban-daban, domin a ga bambancin ƙasa da hannun mai yi. Wannan kuma shi ne ɗanɗanon kwance.

Abin Da Shekaru Ke Yi

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan magana ba ta hau kan kowace giya ba. Mafi yawan abin da ake yi a duniya an yi shi ne domin a sha cikin shekara ɗaya zuwa uku, kuma idan ya wuce haka sai ƙamshinsa ya gudu ya zama lami. Kaɗan ne ƙwarai ke ƙaruwa da tsufa.

Abubuwa uku ne ke ba giya ƙarfin jure shekaru. Na farko shi ne sinadarin tanin, wanda ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa da kuma katakon ganga. Shi ne ke kawo bauri irin wanda ake ji a goro ko a shayin da ya daɗe a wuta, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Na biyu shi ne tsami. Na uku shi ne zaƙi ko ƙarfin barasa, shi ya sa giyar Sauternes mai zaƙi ta Faransa, da Port da Madeira na Fotugal waɗanda ake ƙara musu barasa, sukan kai shekaru aru-aru ba su lalace ba.

Sabuwar jar giya launinta yakan yi duhu, ƙamshinta na ɗanyen 'ya'yan itace ne, baurinta kuma yana kama baki. Da tafiya ta yi nisa, 'yar iskar da ke shiga ta katakon ganga ko ta matoshin kwalba takan sassauta baurin, launin ya koɗe ya koma kamar na jan bulo, laka ta kwanta a gindin kwalba, ƙamshin kuma ya juya zuwa na busassun 'ya'yan itace da fata da ƙasa. Farar giya kuwa akasin haka take yi ta fuskar launi: tana farawa fara-fara, tana tsufa tana komawa ruwan zinariya. Kowace tana da lokacin da take kai ƙololuwa, bayansa kuma sai gangara. Babu mai iya faɗin ranar da tabbaci.

Yanki ma yana da nasa tasiri. A wurare masu sanyi kamar Burgundy a Faransa ko kwarin kogin Mosel a Jamus, inabi yakan nuna a hankali, ya riƙe tsaminsa. A wurare masu zafi kamar kwarin Barossa a Ostareliya, sukari yakan yi yawa, barasa ta yi ƙarfi, ƙamshin 'ya'yan itace ya fito tun tana sabuwa. Irin inabin shi ma yana da nasa hali. Nebbiolo na arewacin Italiya da Cabernet Sauvignon na Bordeaux suna da bauri mai yawa, suna bukatar jira. Gamay na Beaujolais da Sauvignon Blanc na Marlborough a New Zealand an fi son su suna ɗanye.

Kuɗin Jira

Ga ɗan kasuwa, tsufa wani nau'i ne na jari da aka ɗaure. Gangar katako irin ta Bordeaux tana cin lita 225, wato kwalba 300. Muddin tana ajiye, akwai kuɗin gangar, da na ɗakin ajiya mai sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba, da na ma'aikata, da na inshora, ga kuma abin da ke tsanewa ta jikin katako kowace shekara. Sama da duka akwai ribar da kuɗin zai kawo da an juya shi a wata harka. Lissafin mai sauƙi ne. Idan jari yana kawo kashi 5 cikin ɗari a shekara, kayan da aka ajiye shekaru goma dole a sayar da shi da ƙarin kashi 63 cikin ɗari kafin a ce an mayar da uwar kuɗi da abin da ta rasa. Idan kashi 10 ne, dole farashin ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Saboda haka wani ɓangare na tsadar tsohuwar giya ladan jira ne kawai, ba shaidar daɗi ba.

Yankuna sun bi hanyoyi mabambanta wajen fuskantar wannan nauyi. Manoman Beaujolais sun zaɓi gaggawa. Giyarsu da ake kira Beaujolais Nouveau tana fita kasuwa ranar Alhamis ta uku ga watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan girbi, kuma sun mayar da ranar biki har a ƙasar Japan, wadda ta zama babbar mai sayenta. Manomi yana karɓar kuɗinsa kafin shekara ta ƙare. Sai dai hanyar ta zo da tata illar, domin bayan tashen da giyar ta yi a shekarun 1980, mutane da yawa suka ɗauki sunan Beaujolais a matsayin na kaya mai araha, har abin ya shafi manyan gonakin yankin da ke yin mai inganci.

A Italiya da Sifen kuwa doka ce ta tilasta jira. Ba a sayar da Barolo sai ta yi watanni 38, daga ciki 18 a cikin katako. A yankin Rioja na Sifen, jar giya mai lambar Crianza sai ta yi shekaru biyu, Reserva uku, Gran Reserva biyar. A Champagne, wadda ke ɗauke da shekarar girbi a jikinta sai ta yi shekaru uku. Kalmar da ke kan kwalba ta zama alkawari ga mai saye cewa an biya kuɗin jira.

Manyan gonakin Bordeaux sun samo wata dabara ta uku, wadda Faransawa ke kira en primeur. A watan Afrilu na shekarar da ta biyo bayan girbi, 'yan kasuwa da masu sharhi sukan taru su ɗanɗana giyar tana cikin ganga ba ta gama haɗuwa ba, a yanke farashi, mai saye ya biya, a kawo masa kayansa bayan kimanin shekaru biyu. Ta haka mai gona ya juye nauyin jira a kan mai saye, shi kuma mai saye yana fatan ya samu rangwame. Da yawa suna ganin wannan cinikin biri a sama ne. Gonar Latour, ɗaya daga cikin mafiya daraja, ta fice daga tsarin a 2012, ta koma riƙe kayanta har sai ta ga sun isa sha.

Sunan Wuri

Tun da mai saye ba ya iya ɗanɗanawa kafin ya biya, sai ya dogara ga suna. A 1756 gwamnatin Fotugal ta shata iyakar yankin Douro, ta ce abin da aka yi a cikinta kaɗai ke da ikon ɗaukar sunan giyar yankin. A 1855, lokacin baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a zamanin Sarki Napoleon na Uku, an nemi dillalan Bordeaux su jera manyan gonaki bisa daraja. Dillalan sun duba littattafan cinikinsu ne, suka kasa gonakin aji biyar gwargwadon farashin da kowace ta saba samu. Huɗu suka shiga ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Tun daga lokacin babban canjin da aka yi shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko a 1973. Gonaki sun canza hannu, iyakoki sun motsa, amma jerin yana nan, kuma har yanzu yana tasiri a kan farashi. Farashi ne ya haifi suna, daga baya suna ya koma yana riƙe farashi.

A 1935 Faransa ta kafa dokar kare sunayen asali, wadda ta ƙayyade iyakar kowane yanki, da irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girbe a kowace hekta. Ƙayyade yawa yana kare inganci, yana kuma hana kaya yin yawa a kasuwa. Gonar Romanée-Conti ba ta kai hekta biyu ba, kuma a 1945 kimanin kwalba 600 kacal ta fitar. Duk kwalbar da aka buɗe ta rage adadin da ya saura a duniya, babu kuma hanyar ƙara wata.

Ranar Da Aka Ɓoye Suna

Ranar 24 ga watan Mayu, 1976, wani ɗan kasuwa Baturen Ingila mai suna Steven Spurrier ya shirya ɗanɗano a birnin Paris. Ya gayyaci alƙalai tara, dukkansu Faransawa kuma manya a harkar, ya jera musu giyar Kalifoniya tare da ta Bordeaux da Burgundy, ba tare da sun san wace ce wace ba. Da aka haɗa maki, Chateau Montelena ta 1973 ta zo ta ɗaya a cikin farare, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta zo ta ɗaya a cikin jajaye. Dukkansu biyu daga kwarin Napa na Kalifoniya suke. Mujallar Time ta ba da labarin, duniya ta ɗauka.

Ratar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu a cikin jajaye ƙarama ce ƙwarai, kuma Faransa ce ta riƙe matsayi na biyu da na uku da na huɗu. Masu kare Bordeaux sun kawo hujja mai ƙarfi: tasu giyar an gina ta ne domin ta daɗe, an kuma gwada ta tun ba ta isa ba, ita kuwa ta Kalifoniya za ta yi saurin gajiya. Wannan da'awa ce da lokaci kaɗai zai iya warwarewa. A 2006, bayan shekaru talatin, aka sake jera jajayen nan guda goma a gaban alƙalai a Landan da Napa. Ridge Monte Bello ta 1971, wadda ta zo ta biyar a karon farko, ita ta zo ta ɗaya, kuma Kalifoniya ta kwashe matsayi biyar na farko.

Sakamakon 1976 ya ƙarfafa wa masu zuba jari gwiwa a Kalifoniya, ya kuma buɗe ƙofa ga Ostareliya da Chile da Ajantina da Afirka ta Kudu. Amma farashin manyan gonakin Bordeaux bai karye ba. Wannan ya nuna cewa mai sayen irin wannan kwalba yana biyan kuɗin tarihi da ƙarancin kaya da martabar mallaka, tare da kuɗin abin da harshe zai ji.

Harshe Ko Lissafi

Wani lauya ɗan Amurka, Robert Parker, ya fara buga mujallarsa The Wine Advocate a 1978, yana ba kowace giya maki bisa ɗari. Ya yi suna lokacin da ya yaba girbin Bordeaux na 1982 tun yana cikin ganga, kuma daga nan har zuwa ritayarsa a 2019 makinsa yakan ɗaga farashi ko ya sauke shi. Ana zargin wasu masu gonaki da canza salon aikinsu domin ya dace da abin da harshen mutum ɗaya ke so.

Sai ga wani farfesan tattalin arziki na Jami'ar Princeton, Orley Ashenfelter, ya zo da wata hanya. Ya tara farashin gwanjo na tsofaffin giyar Bordeaux, ya kwatanta da bayanan yanayi, ya gano cewa abubuwa kaɗan ne ke bayyana mafi yawan bambancin farashi tsakanin shekara da shekara: yawan ruwan da aka yi daga Oktoba zuwa Maris kafin kurangar ta tsiro, da zafin da aka yi daga Afrilu zuwa Satumba, da ƙarancin ruwa lokacin girbi, sai kuma shekarun giyar. A lissafinsa, kowace shekara ta tsufa tana ƙara kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne kawai a kan farashi. Ya yi hasashen cewa girbin 1989 da na 1990 za su yi fice tun kafin su shiga kasuwa sosai. Masu ɗanɗano sun yi masa ca, amma a yau ana lissafa shekarun biyu cikin mafiya kyau.

Wasu gwaje-gwajen sun ƙara jefa shakku a kan harshe. A Jami'ar Bordeaux, wani mai bincike, Frédéric Brochet, ya rina farar giya da launin ja marar ɗanɗano ya ba ɗalibai 54 masu koyon harkar, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. A 2008 aka buga wani nazari na ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi ba tare da nuna suna ko farashi ba. An gano cewa mutanen da ba su da horo ba su fifita mai tsada ba, hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai araha, su kuwa masu horo sun ɗan fi son mai tsada. Ƙwarewa gaskiya ce, amma ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci.

Jabu Da Faɗuwar Kasuwa

Inda suna ya fi abin da ke ciki tsada, ɗan damfara ba ya nisa. A 2012 hukumomin Amurka suka kama Rudy Kurniawan, ɗan ƙasar Indonesiya, wanda ya shahara a gwanjon tsohuwar giya. An samu tsofaffin kwalabe da takardun manne na jabu a gidansa, inda yake gauraya giya mai sauƙin kuɗi ya sayar da sunan manyan gonaki. A 2014 aka yanke masa ɗaurin shekaru goma. Attajirai da ƙwararru da dama sun sha kayansa sun yaba.

Masu ɗaukar giya a matsayin ajiyar dukiya su ma sun ga tashi da faɗuwa. Bayan Hong Kong ta soke haraji a kan giyar inabi a 2008, masu kuɗin ƙasar Sin suka shiga saye, farashin manyan gonakin Bordeaux ya yi tashin gwauron zabo har zuwa 2011, sa'an nan ya faɗo. Da yawa daga waɗanda suka sayi girbin 2010 tun yana cikin ganga sun wayi gari kayansu bai kai abin da suka biya ba. A ƙasan kasuwa kuwa matsalar ta ƙarancin masu sha ce. Ƙungiyar kula da inabi ta duniya ta bayyana cewa abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961, kuma a Bordeaux kanta an biya manoma domin su tumɓuke dubban hektoci na kurangar inabi.

Darasin Da Ke Ciki

Abu na farko shi ne ajiya ba ta ƙara wa kaya daraja sai idan kayan yana da halin ƙaruwa, kuma ƙarin ya zarce kuɗin jira. Na biyu, suna jari ne da ake ginawa a hankali, kuma ba ya tsayawa sai da iyaka da ƙa'ida da mai sa ido. Na uku, sabon yanki yana iya karya tsohon jeri idan ya yarda a auna kayansa a fili, kamar yadda Kalifoniya ta yi.

Tsarin kare sunan wuri da aka fara da giya ya wuce kanta tuntuni. Ya shafi cuku da man zaitun da shayi da kofi. A Afirka, barkonon Penja na Kamaru ya samu irin wannan rajista a 2013 daga hukumar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, daga baya kuma albasar Galmi da kilishin Nijar suka bi sahu. Tarihi ya nuna abin da rashin hakan ke jawowa. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa kasuwannin Turai, amma can an san ta ne da sunan fatar Maroko, ƙasar da ta bi ta cikinta. Majema sun yi aikin, wasu suka ci sunan. Mai noman citta ko riɗi ko zoɓorodo da ke neman kasuwar waje yana fuskantar tambayar da manomin Douro ya fuskanta a 1756: wa zai tabbatar wa baƙon da bai taɓa ganin gonar ba cewa abin da ke cikin buhun shi ne abin da aka rubuta a jikinsa?